Watannin da Ba Su Shiga Rajista ba: Tarihin Fansho da Tsufan Mata

A shekarar 1965 ne jamhuriyar Nijar ta kafa asusun kula da ma'aikata da aka fi sani da CNSS, kuma a 1967 aka ɗora wa asusun nauyin biyan fanshon tsufa ga masu aikin albashi waɗanda ba sa cikin ma'aikatan gwamnati na dindindin. Ƙa'idar da aka bi mai sauƙin fahimta ce. Kowane wata ana yankar wani kaso daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara nasa kason, a rubuta watan a rajista. Idan ma'aikacin ya kai shekarun da doka ta yanke, kuma watanninsa suka cika, sai a riƙa ba shi abin da zai rufa wa kansa asiri har ƙarshen rayuwa.

A wannan rajista babu watan matar da ta daka hatsin da ma'aikacin ya ci, ta ɗebo ruwan da ya yi wanka da shi, ta reni ɗiyansa, ta yi jinyar mahaifiyarsa. Tana iya yin shekara 40 tana aiki tun asuba har bayan lisha, amma a lissafin asusun ba ta taɓa yin aiki ba. Mutane da yawa sun ɗauka haka abin yake tun fil'azal. Tarihi kuwa ya nuna cewa wannan ma'auni yana da wurin da aka ƙera shi, da lokacin da ya iso ƙasar Hausa, kuma ƙasashen da suka ƙirƙiro shi sun sha yi masa gyara.

Inda aka ƙera ma'aunin

Fansho irin na zamani ya samo asali ne a Jamus. A 1889 gwamnatin Bismark ta kafa dokar inshorar tsufa da naƙasa ga ma'aikata, wadda ke biyan mutum idan ya kai shekara 70. Manufar ita ce a kwantar da hankalin ma'aikatan masana'antu, a janye su daga ƴan gurguzu. Wanda aka yi dokar dominsa ma'aikaci ne mai albashi, kuma sai a 1911 aka tuna da matar da ya mutu ya bari, ita ma da sharuɗɗa masu tsauri.

A Ingila, rahoton da William Beveridge ya gabatar a 1942 shi ne ya zama tubalin tsarin kula da jama'a bayan yaƙin duniya na biyu. Beveridge bai raina aikin gida ba. Ya amince cewa in ba don aikin matan aure ba, da mazansu ba su iya yin nasu aikin albashin ba. Duk da haka ya tsara cewa matar aure za ta samu rabonta ne ta hanyar kuɗin da mijinta ya zuba, domin a ganinsa aure shi ne madogararta. Faransa ta bi wannan hanya a dokokinta na watan Oktoban 1945. Har zuwa 1965 doka ta ba miji a Faransa ikon hana matarsa aikin albashi, kuma matan manoma da ke tatsar shanu suna noma tare da mazansu ana rubuta su a takardun hukuma a matsayin marasa sana'a.

Masu lissafin arzikin ƙasa ma sun bi sawun ƴan siyasa. Tun a 1920 masanin tattalin arziki na Ingila Arthur Pigou ya lura da wani abin dariya a cikin lissafin: idan mutum ya auri mai yi masa aikin gida, kuɗin shigar ƙasa yakan ragu a takarda, domin aikin da ake biya jiya ya zama kyauta yau, alhali shara da girki ba su ragu ba. Duk da wannan gargaɗi, tsarin lissafin arzikin ƙasashe da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1953 ya bar hidimar cikin gida a waje. Sai a gyaran 1993 aka shigar da ɗibar ruwa cikin abin da ake ƙirgawa. Girki da reno da jinya kuwa suka ci gaba da zama a gefe.

Yadda ya iso Nijar

Kafin a yi maganar fansho a ƙasar Hausa ta Nijar, wani babban sauyi ya riga ya faru a cikin gidaje. A 1905 Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi da bautar da mutane a yankunan da take mulki a Afirka ta Yamma. A gidajen sarakuna da attajirai, bayi mata ne ke yin daka da ɗibar ruwa da itace da wani ɓangare na noma. Da bauta ta riƙa ja da baya, aikin bai tafi tare da ita ba. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta wallafa bincikenta kan aure a Maraɗi a 1997, ta nuna yadda nauyin ya koma kan matan aure, musamman ƙananan mata da ake ƙarawa a gida, har ƙara aure ya zama wata hanyar samun hannun aiki.

Hukumar mulkin mallaka ta san da zaman waɗannan mata. Lokacin karɓar harajin kai ana ƙirga su, maigida ya biya wa kowace matarsa. Da noman gyaɗa ya bunƙasa a Maraɗi da Damagaram, hannunsu na cikin shuka da noma da ɓarar gyaɗa, amma wanda ya kai buhu ma'auni shi ake miƙa wa kuɗi. Fanshon farko da mutanen karkara suka gani da idonsu shi ne na tsofaffin sojojin da suka yi wa Faransa yaƙi, sai na tafintoci da akawuna da malaman makaranta. Kusan dukansu maza ne.

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka yi sauri. An soke aikin tilas a 1946. Ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda a Nijar Djibo Bakary na cikin fitattun jagororinsu, suka matsa lamba har majalisar Faransa ta amince da dokar aiki ta ƙasashen ƙetare a ƙarshen 1952. A 1956 aka fara biyan kuɗin iyali ga masu albashi, kuma a 1958 aka kafa asusun fansho na Afirka ta Yamma, IPRAO, mai cibiya a Dakar. Waɗannan nasarori ne na gaske, kuma da yajin aiki aka same su. Sai dai masanin tarihi Frederick Cooper ya bayyana tunanin da ke bayansu a wajen hukumomin Faransa: suna son ma'aikaci ya zauna wuri ɗaya, ya daina komawa ƙauye da damina, ya zama magidanci mai ciyar da mata da ɗiya daga albashinsa kamar takwaransa na Turai. Mace ta shiga tsarin ne a matsayin matar wane.

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, masu albashi ƴan tsiraru ne a cikin al'umma mai mutum wajen miliyan 3, kuma matan da ke cikinsu, malamai da ungozomomin asibiti da ma'aikatan jinya, sun fi kowa ƙaranci. Dokokin 1965 da 1967 sun gaji ma'aunin yadda suka same shi. Fatan shugabannin wancan lokaci shi ne aikin albashi zai yaɗu har ya game kowa. Hakan bai faru ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijar suna wajen aikin da ake yi wa rajista, kuma cikin tsofaffin ƙasar waɗanda ke karɓar fansho ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Tanadin da Bahaushiya ta yi wa tsufanta

Rashin suna a rajista ba ya nufin matan ƙasar Hausa sun zauna ba shiri. Suna da nasu tanadin, wanda ya girmi CNSS nesa ba kusa ba.

A karkara, gida yana da gandu, wato babbar gonar da ke hannun maigida, wadda iyali ke nomawa tare a wasu ranakun mako. Mace kuma ana yanka mata ƴar gona tata, gamana a bakin mutanen Maraɗi, gayauna a wasu wurare, wadda amfaninta nata ne. Abin da ta samu daga gamana, da ribar fura ko ƙosai ko man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, takan juya shi zuwa akuya, akuya ta zama tunkiya, wani lokaci har saniya. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya, mafi yawanta a hannun mata take. Akwai adashi, akwai kwanoni da tasoshin da ake jerawa a ɗaki waɗanda za a iya sayarwa ranar buƙata, akwai kuma biki, wato gudunmawar da mace ke kai wa ƙawarta ranar suna ko aure da sanin cewa za a mayar mata da ƙari.

Babban jari kuwa shi ne ɗiya. Ranar da ɗan fari ya yi aure ya kawo amarya cikin gida, uwa takan ajiye taɓarya. Daga nan sai ta samu lokacin gonarta da ƴar sana'arta, ta shiga kasuwa ba mai tambayarta, ta zama ungozoma ko dillaliya ko mai faɗa a ji a sha'anin aure da suna. Wannan shi ne ritayar Bahaushiya, kuma tana da daraja. Amma wanda ya duba da kyau zai ga abin da ke ɗauke da ita: hutun tsohuwa yana kan aikin surukarta, wadda ita ma ba a biyanta, kuma take jiran ranar da nata ɗan zai yi aure. Matar da ba ta haihu ba, ko wadda ta haifi ɗiya mata kaɗai suka tafi gidajen mazansu, ko wadda aka saki bayan ƙarfinta ya ƙare, ba ta da tabbacin komai a wannan tsari sai tausayin dangi.

Abin da ya girgiza tanadin

Daga shekarun 1970 ginshiƙan suka soma rauni. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun hallaka dabbobi masu yawa, kuma a kowace yunwa bisashen mace ne ake fara kaiwa kasuwa don a sayo hatsi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ke ƙulle a bakin zane ya rage amfani. Yawan jama'a ya tashi daga wajen miliyan 3 a 1960 zuwa miliyan 17 a ƙidayar 2012, gonaki kuwa suna ta rarrabuwa wurin gado.

A kudancin jahar Maraɗi, inda ƙasa ta fi matsewa, masu bincike Marthe Diarra da Marie Monimart sun bayyana a farkon shekarun 2000 yadda ake janye gamana daga hannun mata, musamman amare. Mutanen yankin sun ba abin suna, kublen gona: ana cewa an hutar da mace daga noma, alhali gonar da za a ba ta ce babu. Tana ci gaba da daka da ɗibar ruwa da itace, amma hanyar da za ta tara abin kanta ta toshe. A wasu wurare kuma ci-rani ya kwashe samari zuwa Nijeriya da Libiya da Kwaddibuwa, tsohuwar da ya kamata ta huta ta koma renon jikoki.

Matar ma'aikaci a birni ma ba ta tsira ba. Idan mai fansho ya rasu, dokar CNSS tana ba matarsa rabin abin da yake karɓa, kuma idan matan sun fi ɗaya, wannan rabin ake raba musu daidai. A ɗauki misalin mai karɓar jika 60 a wata wanda ya bar mata uku: kowace za ta tashi da jika 10. Kafin ta karɓa sai ta nuna takardar aure ta hukuma, wadda aure da yawa ba su da ita. Wadda aka saki kuwa, ko da ta yi shekara 30 a gidan, ba ta da kaso a fanshon da aka tara lokacin tana riƙe da gidan. A nan karin maganar nan ke faɗowa a rai, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta fuskar gado, shari'ar Musulunci ta yanka wa matar mamaci tumunin dukiya idan akwai ɗiya, rubu'i idan babu, ta kuma ba ɗiya mace rabonta. Amma a ƙauyuka da dama al'ada ta daɗe tana hana mace gadon gona, ana cewa ƙasa ba ta bin mace zuwa gidan miji.

Gyare-gyaren da aka yi a wasu ƙasashe

A Turai, matan da suka tsufa cikin talauci bayan sun reni al'umma guda sun sa hukumomi sake lissafi. A ƙarshen 1971 Faransa ta fara ƙara wa iyaye mata lokaci a rajistar fansho saboda ɗiyan da suka rena, a 1972 kuma ta kafa tsarin da asusun iyali ke zuba kuɗin fansho a madadin uwar da ke zaune a gida. Matan masu sana'ar hannu da ƴan kasuwa sun samu matsayin abokiyar aikin miji a doka a 1982, matan manoma a 1999. Ingila ta soma kare shekarun reno a 1978. Jamus ta fara ƙirga shekara guda ga kowane ɗa a 1986, ta mayar da ita uku ga waɗanda aka haifa daga 1992. Duk da haka giɓin bai rufe ba: a farkon shekarun 2020, fanshon da matan Faransa ke samu da sunan kansu ya gaza na maza da kusan kashi 40 cikin 100. Dalilin a fili yake, shekarun da reno ya katse, da aikin rabin yini, da ƙaramin albashi, duk suna biyo mace har tsufa.

Irin wannan gyara yana amfanar wadda ta riga ta shiga rajista. A ƙasar da mafi yawan mata ba su taɓa karɓar albashi ba, ƙara wata a kan babu ba ya haifar da komai. Shi ya sa wasu ƙasashen Afirka suka bi wata hanya dabam, wato fanshon da ake biya daga baitulmali bisa shekarun haihuwa, ba tare da an tambayi mutum inda ya yi aiki ba. Afirka ta Kudu ta faɗaɗa nata zuwa baƙaƙen fata a 1944, ta daidaita adadin kuɗin tsakanin launuka a 1993. Botsuwana ta kafa nata a 1996, Lesoto a 2004 ga duk wanda ya kai shekara 70, Zanzibar a 2016. Da yake mata sun fi maza tsawon rai, su ne suka fi yawa cikin masu karɓa. Binciken da Esther Duflo ta wallafa a 2003 ya gano cewa a Afirka ta Kudu, idan kaka mace ce ta karɓi kuɗin, nauyi da tsawon jikokinta mata sukan ƙaru, abin da ba a gani ba idan kaka namiji ne ya karɓa.

A fagen duniya ma an yi ta jan zaren. Taron mata na Nairobi a 1985 da na Bejin a 1995 sun nemi a riƙa auna aikin da ba a biya, kuma maƙwabciyar Nijar, Benin, ta gudanar da binciken yadda mutane ke amfani da lokacinsu tun 1998. A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata ne ke yin kashi 76 cikin 100 na hidimar da ba a biya a duniya, awa 4 da minti 25 a yini, maza kuwa awa 1 da minti 23.

Nijar tun daga 1991

Ranar 13 ga Mayun 1991 dubban mata suka yi tattaki a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa. An ƙara musu kujeru, kuma ranar ta zama ranar matan Nijar. A wannan shekarar ce ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, inda mata ke zuba kuɗi kowane mako a akwati, su ranta wa juna, su raba a ƙarshen zango. Tsarin ya taso daga adashi, kuma daga Maraɗi ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na duniya. Dokar karkara ta 1993 ta buɗe hanyar rubuta mallakar gona a gaban kwamitocin ƙasa, mace ko namiji. Daga 2011 shirin tallafin gidaje matalauta da aka yi da Bankin Duniya ya riƙa miƙa jika 10 a wata har wata 24, kuma a hannun mata ake sa kuɗin.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa wani gefe na matsalar, amma babu wanda aka gina domin tsufa. Akwatin asusu ana raba shi kusan kowace shekara, tallafin gidaje yana da ranar ƙarewa, kujerar majalisa kuma ba ta isa ɗakin gwauruwar da ke ƙauye. Tambayar da Lesoto ta amsa a 2004 tana nan a gaban Nijar, tare da tambayar da ke biye da ita, wato inda za a samo kuɗin a ƙasa mai ƙaramin baitulmali da ɗimbin yara masu jiran makaranta. Muhawara ce ta gaskiya, kuma ba za ta yi daidai ba sai an san awa nawa mace ke kashewa tsakanin rijiya da turmi da murhu a Tawa da Tasawa da Magarya.

Kafin a kai can, akwai takardun da ke raba matar da za ta samu wani abu da wadda za ta tashi hannu rabbana: takardar aure da aka yi a ofishin magajin gari, takardar haihuwar ɗiya, da takardar gonar da ta gada ko ta saya. Malaman makaranta, waɗanda su kansu masu jiran fansho ne kuma mazauna gidajen da wannan tarihi ya shafa, da ƙungiyoyin al'adu masu shiga ƙauyuka da wasan kwaikwayo da yaƙi da jahilci, su ne suka fi kowa kusa da matan da ba su san da zaman waɗannan takardu ba.